Asusun Tata

Mai karatu, in dai ka taɓa tasowa daga Kwaciri ka gangara cikin Fagge, ba sai an yi maka kwatancen Wapa ba. Kafin ka gama tsayawa 'yan canji sun kewaye ka, wannan na kiran dala, wancan riyal, wani na kaɗa maka damin sefa. Amma tsayar da su ka tambayi mafarin wurin. Kaɗan ne za su ce maka sunan ya fito ne daga wata ƙungiyar jigilar alhazai da Alhaji Mamuda Ɗantata ya kafa da abokansa a 1948. In ka ƙara da cewa, to wace ce ita Tatar da Mamuda da duk danginsa ke amsa sunanta, sai ka ga an soma kallon juna. Ba 'yar sarki ba ce, ba matar attajiri ba ce. Wata tsohuwar baiwa ce a garin Bebeji, kuma abin da ta saya wa wani maraya bai wuce na 'yan wuri kaɗan ba.

Gidan da muke magana a kai gidan Agalawa ne, fataken nan da suka yi suna wajen safarar goro daga Gwanja, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakan gidan, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Ɗansa Abdullahi ya matsa zuwa Bebeji, don garin yana kan hanyar ayari, har ya zama madugu. Kada ka ɗauki madugu ƙaramin mutum. Shi ke sa ranar tashi, shi ke cinikin kuɗin fito da sarakunan hanya, shi ke raba faɗa a zango, in kuma 'yan fashi suka tare gaba, fuskarsa kowa ke kallo. A gidan wannan mutum aka haifi Alhasan wajen shekarar 1877. Duk wanda ya ga yaron a lokacin zai ce wannan kam ya tsallake wahala. Sai mai yankan ƙauna ta yi sallama.

Madugu Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhasan bai fi shekara 8 ba. Aka raba gado yadda shari'a ta tanada, amma 'ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya ja ayari ko ya bi bashin da ke hannun mutane. Dukiyar fatake kuwa ba gona ba ce da za ta zauna wuri ɗaya ta jira yaro ya girma. Wani ɓangare dabbobi ne, wani kaya ne a hanya, wani amana ce a hannun fatoma a garin da sai an yi watanni kafin a kai. Kafin yaron ya san ciwon kansa, rabonsa ya narke. Uwarsa fa?

Sunanta Fatima, ana ce mata Amarya. Ita kanta 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, kuma tana da harka a Ankara, babban birnin Gana na yau, can bakin teku. Sa kanka a matsayinta, mai karatu. Miji ya mutu. In ka zauna a Bebeji, jarinka zai ƙare kana kallo. In ka kwashi yara ƙanana ka shiga da su hanyar Gwanja, wataƙila ba duka za su kai ba. In ka tafi kai kaɗai, bakin mutane ba zai bar ka ba. Wanne za ka ɗauka? Amarya ta ɗaure kayanta ta tafi, ta bar yaran a hannun Tata.

Masu ba da labarin nan sukan yi saurin tsallake wannan gaɓa, sai ka ce abin kunya ne. Ni ban ga abin kunya ba. Na ga mace da ta auna hanyoyi uku masu ɗaci ta ɗauki wadda take ganin za ta bar kowa da rai. Amma yaro ɗan shekara 8 ba ruwansa da wannan lissafi. Abin da ya sani kawai, ya kwanta da uwa da uba, ya wayi gari ba ko ɗaya.

Aka sa Alhasan makarantar allo a nan Bebeji. Ɗan madugu ya koma almajiri: karatu da asuba, karatu da dare a gindin wuta, tsakaninsu kuma neman abin da zai ci da abin da zai kai wa malam. Wasu bara suke yi, shi ya fi karkata ga aikin ƙarfi, a biya shi da wuri, don a lokacin wuri ne kuɗin ƙasar Kano. A nan Tata ta yi abin da ya sa muke ambatonta yau. Masu tarihin gidan sun ce ita ta saya masa asusu, ta kuma matsa masa lallai sai ya riƙa jefa wani abu daga duk abin da ya samo.

Ka san asusun ƙasa? Wata 'yar tukunya ce rufaffiya, an tsaga mata baki siriri daidai shigar kuɗi. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, ba ya fitowa sai ranar da aka fasa. To ƙaddara kai ne yaron. Ka wuni kana ɗebo ruwa ko saran itace, an zuba maka 'yan wuri a tafin hannu, cikinka na kuka, ga mai ƙosai tana tuya a bakin hanya, ga kuma tsohuwa a gida tana jiran ta ji wuri ya faɗa cikin tukunya. Ba ita ta haife ka ba. A dokar wancan zamani ma kai ne ubangidanta, in ka daka mata tsawa babu mai cewa don me. Za ka wuce gida, ko za ka tsaya wurin mai ƙosai? Alhasan ya wuce gida. Ya shaƙu da tsohuwar har mutanen gari suka daina jingina shi ga madugu, suka koma ce masa ɗan Tata. Asusun kuwa, an ce a jikin bangon gidan aka dasa shi, kuma ya daɗe a nan bayan ita da shi duk sun kau.

Da ya kai kimanin shekara 15, sai ya ƙudura zai je ya ga uwarsa. Ya sayi 'yan kayan da ƙarfinsa ya kai a Bebeji, ya shiga ayarin Gwanja. Hanyar nan ba ta yara ba ce. Ayari kan haye Kwara a jirgin fito, ya ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi ƙaurin suna, ya bi ta Nikki da Jugu da Yandi kafin ya kai Salaga, kuma watanni ake yi ana takawa. A waɗannan shekarun ma Salagar ba lafiya, don a 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa kasuwarta, fatake suka watsu zuwa su Kete-Karachi da Kintampo. Daga can har yanzu da sauran tafiya kafin a ga teku. Yaron ya sayar da rabin kayansa a hanya, ya ƙarasar da sauran a Ankara, ya nemi gidan uwarsa ya samu. Shekara kusan 7 rabonsa da ita. Me kake tsammani ya biyo baya?

Na san abin da ke ranka: kuka, runguma, a yanka kaza, a ɗinka masa riga, a ba shi ɗaki a gidan uwa mai dukiya. Shi ma abin da ya sa rai ke nan. Kwana ɗaya ta bar shi ya huta. Daga nan ta kai shi wurin wani malami a garin, ta ce ya zauna can har ranar da zai koma Bebeji. Almajircin da ya baro a gida shi ya tarar a bakin teku, har ya fi na gida tsanani. In an tashi karatu ya nemo abincinsa da na malam. Ranar Alhamis da Juma'a, da allo ke hutu, ya fita aikin lada, ya dawo ya miƙa wa malam kaso mafi tsoka. Uwarsa na nan cikin gari tana juya dukiya.

Tsakaninka da Allah, mai karatu, da kai ne, za ka sake kallon wannan uwa da idon rahama? Da yawanmu da mun dawo gida da ƙullaci, mu shekara muna ba da labarin yadda aka wulaƙanta mu, mu mai da shi hujjar duk abin da muka kasa a rayuwa. A ganina Amarya ta ga yadda gadon mijinta ya narke a hannun yara, ba ta so ɗanta ya koyi cin kuɗin da bai san zafin nemansa ba, balle a garin bakin ruwa inda lalacewa ba ta da wuya. Wannan bai rage wa abin zafi ba. Sai dai yaron bai tsaya lasar ciwo ba, ya buɗe ido. A Ankara ta wancan lokaci manyan jiragen ruwa masu hayaƙi kan tsaya nesa da gaɓa, ƙananan kwalekwale na yi musu jigilar kaya cikin igiyar ruwa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ya koma Bebeji, sai ya tarar da wuta. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin da Kanawa ke kira Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, Aliyu Babba ya karɓi tuta ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Sarakai ke rigima, amma garuruwan fatake sun ɗanɗana kuɗarsu. Aka washe dukiya, aka kama mutane, cikinsu har da Alhasan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi. Kamammen yaƙi a wancan zamani hanya biyu gare shi, ko fansa ko kasuwar bayi. Ka ga ikon Allah: yaron da baiwa ta rena, sai ga shi shi ma a bakin ƙofar bauta. Allah ya sa suka samu suka fanshi kansu, suka koma gida su fara daga tushe. Karo na biyu ke nan da duniya ta share masa hannu, bai kai shekara 20 ba.

Bebeji ba ta gama gani ba. A farkon 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya za ta Kano, Bebeji ta rufe ƙofa, suka fasa ta da igwa. Ranar 3 ga Fabrairu suka ci birnin Kano. Duniyar da madugu Abdullahi ya sani ta soma rushewa. Wasu fatake suka ci gaba da bin tsohuwar hanya da jakuna, don ita suka gada kuma ita suka iya. Alhasan ya tuna abin da ya gani a bakin teku.

Ka san halin goro. Ba ya son zafi, ba ya son bushewa. A hanyar Gwanja sai an naɗe shi da ganyen fita, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara don kada ya ɓata sauran, wata da watanni. Duk kwanan da aka ƙara a hanya asara ce. To ga jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Sekondi a bakin teku tun 1903, ga jiragen ruwa na zirga-zirga zuwa Ikko, ga kuma wani layin dogo ya taso daga Ikko yana hawowa arewa. Wajen 1906 Alhasan ya soma ɗora goronsa a jirgin ruwa tsakanin Ankara da Sekondi da Ikko, yana haɗawa da tsakiya da murjani da yadin Turawa. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Kai da ka tashi a Bebeji, inda babban ruwan da ka sani shi ne rafin damina, za ka zuba jarinka duka a cikin jirgin baƙi ka tsaya a gaɓa kana kallo ya ɓace? Tafiyar da ayari ke yi sau ɗaya a shekara, shi sai ya yi ta juya kuɗinsa sau da yawa. Amma babban abin bai zo ba tukuna.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke hange, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi tsada, tana zama lafiya a gona ɗaya da gero da dawa, in kuma kasuwa ta ƙi, a ci abinta a gida, abin da ba a yi da auduga. Turai kuma na neman mai don sabulu da man shafa wa burodi. Sai gyaɗa ta cika tasha. Kantunan Turawa suka jeru a wajen ganuwa, aka yanka Sabon Gari a 1913, Kwarori suka zauna a Fagge ta Kudu, Faggen da dā zangon raƙuman Azbinawa ce ta koma bakin sabuwar kasuwa. Sai dai Bature na da kuɗi da sikeli, bai san hanyar ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Wa ya san wannan? Fataken goro.

Alhasan ya riga ya dawo cikin birni ya kafa gida a Sarari, wajen Koƙi. Wasu sun riga shi shiga harkar gyaɗa, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1918 kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa. Ya karɓa, bai kuma saki goro ba. Ya ba yaransa kuɗi suka bazu ƙauyuka, jakuna da raƙuma suka riƙa shigo da buhuna. Zuwa 1922 ya wuce duk attajiran Kano. Dalar gyaɗa da ake nuna maka a tsofaffin hotuna, irin waɗanda aka jera a wajen Ƙofar Mazugal, kowace na iya cin buhu 15,000, sunansa ne ke fara zuwa baki in an ambace ta.

Yanzu ga labarin da kowa ya fi sani. A zamanin nan mai kuɗi a tukunya yake zubawa ya binne a ɗaka, ko ya mai da su shanu da riguna. Banki kuwa gidan Nasara ne, kuma gidan kuɗin ruwa. A 1929, shekarar da kasuwannin duniya suka rufta, Alhasan ya ɗora kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 ya aika da su Bank of British West Africa da ke Kano, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank na yau. Tsaya ka hango abin: raƙuma a jere suna durƙusawa a ƙofar banki, ana sauke jakunkuna masu nauyi, akawu na zube sulalla a kan tebur yana ƙirgawa. Da kai ne, za ka miƙa gumin shekara 30 ga mutanen da suka fasa ƙofar garinku da igwa, a ba ka takarda? Shi ya miƙa. Amma ya gindaya sharaɗi: ba ya son ko anini na ruwa a kan kuɗinsa. Ajiya ya kawo, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro.

Wannan shi ya sa nake ganin masu fara labarin Ɗantata daga raƙuman nan sun fara daga tsakiya. In ana tuna mamaci a cikin dangi, ba jimillar dukiyarsa ake zama a faɗa ba, halinsa ake faɗa da abin da ransa ke so. Duba naku gidan. Akwai kakan da ake tunawa da kiwon tantabaru, akwai wanda rediyo ba ya barin kunnensa, akwai gwanin dara a gindin bishiya, akwai kakar da ba ta yar da ko tsumma. Ka taɓa zaunar da tsofaffin gidanku ka tambaye su wa ya koya wa kakan naku wannan hali? Sau da yawa za ka tarar wata mace ce da ba a rubuta sunanta a ko'ina ba. A gidan Ɗantata abu biyu labarai suka riƙe game da tsohon, tari da tafiya. Tarin na Tata ne. Tafiyar kuwa, wa ya fara nuna masa cewa mutum na iya barin Bebeji ya yi arziki a bakin teku in ba Amarya ba?

Son tafiyar nan bai tsaya ga kasuwa ba. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali ta jirgin ruwa, lokacin da mafi yawan alhazanmu a ƙasa suke takawa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru, wasu ba su dawowa. Bayan ya dawo ya riƙa biya wa wasu su ma su je.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, ya kira 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli. Me kake zaton mutumin da ake cewa ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma zai faɗa a irin wannan zama? Bai tsaya lissafa gidaje ba. Ya roƙe su su zauna tare, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata & Sons ya wargaje, su riƙa aure a cikin dangi, su kula da 'yan'uwa, musamman marasa ƙarfi. Wanda ya ga abin da ya sami gidan ubansa a 1885 ne ke magana, ba ya so a maimaita. Kwana 3 bayan haka, ranar Laraba 17 ga Agusta 1955, ya cika. Aka binne shi a gidansa na Sarari. Ko 'ya'yan sun riƙe?

Ɗansa Ahmadu ya karɓi ragamar kamfanin, amma bai daɗe ba, ya rasu a 1960. Irin wannan gaɓa ce ke kashe gidajen attajirai da yawa a Kano, ka san su, na san su, gidajen da yau sai dai a nuna maka ƙofa a ce dā a nan wane yake. Wannan karon gidan bai faɗi ba. Aminu, wanda aka haifa a 1931, na 15 cikin 'ya'ya 17, ya hau kujerar yana ɗan shekara 29.

Kowane ɗa kuma ya ɗauki wani abu na uban. Mamuda ya ɗauki hanya. Shi da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka shirya motocin da ke kwasar maniyyata daga Kano su ratsa da su zuwa gaɓar Bahar Maliya, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, kafin jirgin sama ya zo ya mai da ita ta sa'o'i. Inda alhazai ke taruwa dole a nemi canjin kuɗi, ka ji yadda kasuwar canji ta yi saiwa a Fagge. Sanusi ya ɗauki kasuwa da son malamai, ya zama na hannun daman Shehu Nasiru Kabara a Ƙadiriyya, ya rasu a 1997. 'Yarsa Mariya ita ta haifi Aliko Ɗangote a 1957. Shi ma Aliko yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ya tashi a inuwar gidan kakansa Sanusi. Maraya na biyu ke nan a labarin, kuma wannan karon akwai gidan da ya tare shi.

Akwai kuma abin da ya shigo gidan daga baya, wanda tsohon bai samu sararinsa ba, wato wasa. Dabbar da Alhasan ya yi rayuwa da ita jakin kaya ne da raƙumi. Jikansa Usman, ɗan Sanusi, da doki ya yi suna, a filin folo. Sani Ɗangote, ƙanen Aliko, wanda ya rasu a Nuwamban 2021 aka kawo shi Kano aka binne, shi ma duk wanda ya san shi ya san shi da sandar folo. Ni abin yana burge ni. Sai da aka yi zuriya biyu ana tari kafin a samu yaron da zai hau dabba don nishaɗi kawai, ba don ta kai shi kasuwa ba.

Aminu ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako, ya faɗaɗa harkar gidan zuwa gine-gine da mai, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. Sharaɗin da uban ya gindaya wa Turawa shi kaɗai a 1929, ɗan ya ga ya zama banki sukutum. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94. To ga tambaya ta ƙarshe, mai karatu. Ga makwancin mahaifinka a Sarari, ga Kano da za ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata ta raka ka. Ina za ka ce a kai ka? Shi Madina ya roƙa. Kano ta yi masa salatul ga'ib, aka nemi izinin hukumomin Saudiyya, aka binne shi a Baƙi'a ranar Talata 1 ga Yuli. A lokacin ana tsakiyar takaddamar sarautar Kano, mutum biyu kowa na amsa sunan sarki, Muhammadu Sanusi na II da Aminu Ado Bayero. Rikicin gadon sarautar Kano ne ya taɓa jefa Alhasan a hannun masu kama bayi. Ranar jana'izar ɗansa, sarakunan nan biyu duk sun tafi Madina.